Sai Ya Zo da Ƙafarsa

Ranar da ta shigo shagonsa na buga takardu, idanunta sun kaɗa sun yi jajur. Malama ce a makarantar kurame, ɗalibanta za su baje kolin zane-zanensu ranar Asabar.

"Fosta ɗari nake so," ta ce.

Mai shagon ya ɗago kai, ya kasa sauke ido. "Malama, biki za a yi ko yaƙi?"

"Yaƙi."

Ta kwashe labari ta faɗa masa. Tsohon saurayinta, mai gabatar da shiri a rediyo, ya karanta sanarwarta yana ƙyalƙyala dariya: "To su kuraman, wa zai gaya musu an sanar?" Yaran ba su ji ba, amma iyayensu sun ji.

"Wallahi sai ya zo da ƙafarsa ya ba su haƙuri."

"Bar ni da shi," in ji mai shago.

Kowace fosta ya sa mata zanen da ɗalibi ɗaya ya yi, a ƙasa kuma maganar ɗan rediyon, kalma da kalma. Tare suka manna su a shagon aski, ƙofar asibiti da bayan motocin haya.

Ranar Alhamis mai shago ya tura mata saƙo: "Tauraruwata, kullum zancensa kike yi. Ko har yanzu yana ranki ne?"

Ta amsa: "Shi yana maƙogwarona, sai na tofar. Kai ne a raina."

Masu sauraro suka yi ta kiran gidan rediyon suna zazzaga masifa. Ranar Asabar zauren baje kolin ya cika maƙil, har 'yan talabijin sun zo. Manajan tashar ya taso ƙeyar ɗan rediyon har zauren. Yana zufa ya ba da haƙuri gaban kyamara, ita kuma tana fassara wa yaran da hannu, a hankali, ba ta rage ko harafi ba.

Da mai shago ya turo iyayensa neman aurenta, Babanta ya murtuke fuska. "Mai tawada a farce zan ba 'yata?"

"Alhaji," in ji Mama, "mai farcen fes ɗin ai ka ji abin da bakinsa ya yi."

Baba ya murmusa.

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Baba ya dafa kafaɗar ango. "Ga amana nan, ɗana. Kada ka kuskura ka ɓata mata rai, ka dai ga aikinta. Allah ya yi muku albarka."