Azarar Zauren Gari

Rana ta yi ja, awaki sun shigo, Hure tana kwashe tuwo, sai dutse ya faɗo tsakar gida. Mijinta Dabo ya leƙa waje zai yi faɗa, bai ga kowa ba, gero kawai ke tsaye shiru har bakin katanga. Na biyu ya faɗo kusa da randa. Da ya ɗauka, sai ya ga ashe guntun tubali ne, jar ƙasa da ciyawa a ciki. Ya san ƙasar nan.

Ta zauren taron garinsu ce, can bayan Bacirawa. Mahaifinsa Talle magini ne ya gina shi, da bakan gizo a ciki da zanko a kai, kauri kamar rumbu, sanyi ko a bazara. A nan ake ɗaurin aure, a nan ake sasanta rikicin gona. Duk shekara kafin damina Talle ke hawa ya yi masa yaɓe, kuma daga kansa ya faɗo wata safiya ba kowa a wurin. Dabo yana Dawanau yana dakon buhu, sai gawa ya tarar. Abin bai taɓa barin zuciyarsa ba.

Bana birni ya iso su, aka ce zauren ƙasa abin kunya ne, za a yi na bulo. Su masu ɗokin siminti ko sallamar da ake yi wa mutanen ɓoye mazauna tsohon gini kafin rushewa ba su yi ba, katafila kawai suka turo. Dabo ya tsinci azarar da ubansa ya rufa zauren da ita daga ɓaraguzai, ya rufa ɗakin 'yarsa Zakiyya da ita.

Daga ranar jifan, kullum magariba sai an ji kuka a rufin ɗakin nan, ƙasa-ƙasa, irin na tsohuwar da ta gaji. Zakiyya ta daina cin abinci. Ta rame, ta koma zama a lungu tana shafa bango kamar mai yaɓe.

"Maigida, yarinyar nan tafiya take yi," in ji Hure. "Ka nemo mana taimako."

Ya kira Malam Zaharaddini, mai ruƙiyya daga Bici. Malam ya zauna bayan la'asar ya yi ta karatu har inuwa ta cika ɗakin. Can Zakiyya ta ɗago kai, muryar da ta fito kuwa ba tata ba ce.

"Bari ƙona ni, Malam. Ni ma Musulma ce."

"Me ya kawo ki jikin baiwar Allah?"

"Ina zan je? Tun zauren yana ɗanye nake cikinsa. Talle bai taɓa hawa bai yi mana sallama ba. Waɗannan suka danne mini 'ya'ya suna barci. Itacen nan kaɗai ya rage mini, shi na biyo."

Malam ya ce za a kai azarar gindin kuka a bayan gari, ta koma can. Sai ta juyo da idon Zakiyya kan Dabo.

"Ɗan Talle, ranar da ya faɗo ina wurin. Bai cika nan take ba. Ya kira sunanka, ya bar maka magana. Bar ni a jikinta zuwa kaka, in faɗa maka."

"Kada ka biye mata," in ji Malam. "Yarinyar ba za ta kai kaka ba."

Dabo ya durƙusa. Shekara da shekaru abin da yake roƙon Allah ya ji ke nan, ko a mafarki. Ya dubi wuyan 'yarsa da ya zama kamar sillen kara.

"Baiwar Allah, ki yafe mana," ya ce da ƙyar. "Riƙe maganarki. Fita."

Zakiyya ta yi atishawa, ta sulale a jikin uwarta. Da ta farfaɗo, ta ce a ba ta kunu.

Washegari Dabo ya kwance rufin da hannunsa, ya ƙi kowa ya taya shi. Ya yi ta jigilar azarar a kafaɗa zuwa gindin kukar, ya jera su da kyau yadda magini ke jerawa. Da ya gama, ya yi sallama, ya tsaya yana saurare. Ya daɗe a tsaye, hawaye na zuba, ba wanda ya amsa masa.