Hujin Gara

A warwatse tsohon littafin ya zo, rubutun hannu, ba lambar shafi. Dole ma'aikaciyar ɗakin karatun ta riƙa ɗaga takardun ga fitila, tana daidaita hujin da gara ta yi. Kullum ta jera, da safe ta tarar an hargitsa.

Ran nan da duhu ta koma ɗauko jakarta, ta iske wani dattijo kan kujerarta yana juya takardun.

"Haba Baba! Ashe kai ke mayar min da aiki baya? Wa ma ya buɗe maka?"

"Fitilarki ta cika haske, 'yata," ya ce, muryar kamar ana murza busasshiyar takarda.

Ya ɗaga tafinsa ya kare fuska. Haske ya ɓullo ta ƙananan huji, jerinsu sak na shafin farko.