Banda Rijiyar Baya

Ana dab da magariba, wani kafinta yana share ɓarɓashin katako a sabuwar rumfarsa ta bayan gida, sai dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Ya ce yaran maƙwabta ne. Na biyu ya faɗo. Na uku kuwa cikin ɗaki ya sauka, ɗakin da ƙofa da taga duk a rufe suke. Ya ɗauka ya duba. Jiƙaƙƙe ne, da gansakuka a jikinsa, alhali rabon garin da ruwan sama wata huɗu.

Nan take ya tuna abin da ya shuka. Wata biyu ke nan da ya sayi gidan a hannun wata tsohuwa. Sharaɗi ɗaya ta kafa: ɗakuna uku da tsakar gida ta sayar, banda rijiyar baya, kuma kada a rufe ta. Haka aka rubuta. Amma gogan naka yana son wurin rumfa, sai ya sa aka sake buga takardar babu wannan layin. Tsohuwa ba ta karatu. Ta dangwala yatsa, shaidu biyu suka sa hannu, shi kuma ya toshe bakin rijiya da siminti ya kafa bencin aikinsa a kai. Wai shi mai wayo.

Kwana bakwai ana jifa, kullum da faɗuwar rana. A na takwas 'yarsa Auta ta daina ci, ta daina magana. Sai ta zauna ta ƙura wa rumfa ido, gashinta yana ɗigar ruwa ba tare da ta yi wanka ba.

"Maigida, yarinyar nan za ta mutu a hannunmu," in ji uwar.

Ya ɗauko wani malami, tsoho siriri mai ƙarancin magana. Malam ya zauna gaban Auta yana karatu a hankali har hasken tsakar gida ya dusashe. Can sai bakinta ya buɗe, wata murya ta fito, kamar mai magana daga cikin randa.

"Wane ne kai?" in ji malam.

"Mai rijiya."

"Me ya haɗa ka da yarinyar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba?"

"An karɓi abin da ba a sayar ba. Tambayi ubanta takardar farko."

Malam ya juyo ya dubi kafinta. Kafinta ya durƙusa ya faɗi komai, tun daga layin har simintin.

"Innalillahi!" in ji matarsa. "Saboda benci? Saboda benci, maigida?"

"Ya rufe mini ƙofa, na rufe bakin 'yarsa," in ji muryar. "Yanzu gidan duka nake so."

"Ba ka isa ba," in ji malam. "Ɗakuna uku da halalinsa ya saya. Rijiya taka, yarinya tasa."



"To, a sake rubutawa," in ji muryar. "A mayar da layin. A karanta wa tsohuwar da ƙarfi, layi-layi. Na daina yarda da bakinsa."

Washegari kafinta ya fasa simintin da hannunsa. Aka ɗauko tsohuwa da shaidu, aka karanta mata sabuwar takarda. Ta dangwala yatsa ta ce, "Ai na zaci haka yake tun farko, ɗana."

Rana ta faɗi, ba a yi jifa ba. Auta ta yi atishawa sau uku ta ce, "Baba, yunwa nake ji." Kafinta ya rungume ta yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Da ya zo naɗe takardar, sai ya ga ƙarƙashin sa hannun shaidu biyun akwai wani dangwale, dogo fiye da yatsan mutum, da ruwa aka yi shi. Takardar tana nan a akwatinsa. Auta ta girma har ta haihu, wurin bai bushe ba.