Katunan Mai Kwalabe

Da hantsi ne, a shekarar da manyan motoci suka fara sauke siminti a Kebbe, lokacin da arzikin mai ya sa kowane magidanci yana mafarkin rufin kwano. Zahara'u, ɗiyar Malam Na'Allah, ta riƙo hannun goggonta Atu zuwa ɗakin shan magani. Wata uku Goggo tana ɓoye wani ƙullutu a nononta. Irin ciwon ne ya ɗauke mahaifiyar Zahara'u tana 'yar shekara tara, shi ya sa ba ta yarda a tsaya ga jiƙe-jiƙe ba.

A bakin ƙofa suka tarar da wata 'yar mota mai kamar kunkuru. A cikin ɗakin kuma ga baƙo, dogo siriri mai tabarau, da akwatin ƙanƙara cike da ƙananan kwalabe. Abdulƙadir Sambo ke nan, ɗan Tambuwal. Ya yi karatu a Zariya, gwamnatin jiha ta tura shi Ingila, ya dawo yana bin gidajen da ciwon daji yake maimaita kansa.

Da ya gama duba Goggo sai ya ce, "Inna, akwai wanda ya taɓa irin wanga ciwo a danginku?"

"Ni ban riƙe lissahin matattu, ɗana. Tambayi wagga, ita aka kwana da asalin kowa a kai."

Zahara'u ta sunkuyar da kai ta fara jero sunaye, tun daga kakar kakarta. Shi kuwa yana zane a takarda: mace da'ira, namiji ɗan akwati, wadda ciwon ya ɗauka ya cike ta da baƙi. Can ta saci kallon takardar.

"Ka kuskure, Likita. Ni'imatu ba ɗiyar Madina ba ta. Riƙo anka ba ta. Ɗiyar ƙanenta ta."

Ya tsaya da alƙalami a sama. Gida tara ya shiga kafin nan, ba wanda ya taɓa bambance masa ɗan ciki da ɗan riƙo, ga shi aikinsa duka a kan jini yake. Ya goge, ya gyara, ya ɗago ya dube ta sosai.

"Na gode, Malamata."

Ta nuna ƙasan takardar. "Wagga ta ƙarshe, fara, wa ta?"

"Ke ta. In Allah ya so haka za ta zauna."

Shi ya kai Goggo Zariya da motarsa, aka yi mata aiki, ta dawo da ƙafafunta. Daga nan kunkurun nan ya san hanyar Kebbe. Kullum da dalilinsa: wai akwai sunan da bai ji da kyau ba.

"Wanga yaro," in ji Goggo, "matattunmu ba su ƙare ba? Ko dai mai rai guda ta ka kawo shi?"

A ƙofar gida suke hira, Goggo tana gefe tana tsince gero da kunne a buɗe. Nan ya bayyana wa Zahara'u aikinsa. Ya ce a cikin kowane ɗigon jini akwai wani zare da ya fi na gizo-gizo siranta, a kansa Allah ya rubuta gadon jiki, rabi na uba, rabi na uwa. Wani lokaci wuri guda yakan yage, sai a yi ta gadon yagewar. Ita yake nema, don a san wa za a sa wa ido tun ciwon bai yi ƙarfi ba.

"To, Mai kwalabe, in ka gane ta, ɗinke ta za ka yi?"

"Ni dai in gane ta. Wani ya zo bayana da allura."

Ranar da ba zai samu zuwa ba, sai ya ba direban motar kasuwa takarda. Da ajami yake rubuta mata, don shi ta fi iyawa.

"Malamata, yau na duba jini ashirin, ko wanne na leƙa sai in ga kin sunkuyar da kai kina cewa na kuskure. Rubutun da na yi a kan zuriyarku ya fito a wata mujallar Ingila. Ban sa sunan kowa ba. Ki gai da Goggo, ki ce mata matattun sun ƙare. Naki, Mai kwalabe."

Da kaka kawunsa ya zo neman aure. Malam Na'Allah ya saurare shi har ya dire, sannan ya ce, "Yaron na da ladabi, kuma ya yi muna alheri. Amma an ce mini malami na. Ni na ɗauki karatu ga malamina a Jabo, shi ya ɗauka ga nashi, ina iya kai ka har bakwai. Waɗanda sunka ɗauka gare ni kuwa suna nan har Fakku. Shi wa ya ɗauka gare shi? Shekara goma sha yana karatu, ko mutum guda bai zauna gabanshi ba. Ilimin da ba a ɗauka, rijiya ta ba guga. A dakata tukuna."

Aka dakata. Wanda dakatawar ta yi wa daɗi shi ne Maccido, ɗan kwangilar da ke gina azuzuwan firamare, mai sabuwar Fijo. Shi ma ya daɗe da sa ido a gidan. Akwatinsu na gidan waya ɗaya ne da mahaifin Abdulƙadir a Tambuwal, kowa da makullinsa. Wata ranar Juma'a sai ga shi da ƙunshi a hannu.

"Allah gafarta Malam, ba tsegumi nika yi ba. Amma ɗiyar mutunci ta. Dubi abin da aka aiko mishi daga ƙasashen Turai, kati arba'in da fuɗu cikin wata biyu. Ko ambulan babu, don rashin kunya."

Aka shigar da katunan cikin gida. Goggo ta ɗauki ɗaya ta kai kusa da ido, ta ga kan wata mata mai kambi a kusurwa.

"La'ilaha! Har hotonta ta manna. Ga wata kuma. Wagga ta aiko sau goma sha!"

Zahara'u ta miƙe. Ta shiga ɗaki, ta daɗe, sannan ta rubuta:

"Mai kwalabe, na ga katunan. Ni ban iya Turanci ba, ba ni da kambi. Ka bar da'irata inda take. Kada ka sake wahalar da motarka."

Amsa ta zo washegari.

"Malamata, wata biyu nika iske akwatin wofi, har na ɗauka rubutuna ba wanda ya kula da shi. Ashe yana hannunku. Kada ki yarda da bakina. Ki roƙi Baba ya kira wanda ya iya Turanci, wanda ba nawa ba, ya karanta su gaban kowa. Abin da ya fito, na ɗauka."

Kwana biyu tana juya takardar kafin ta iya durƙusawa gaban mahaifinta. Malam mutum ne da ba ya yanke hukunci a kan abin da bai karanta ba. Ya aika aka kira hedimasta Ɗangiwa, aka kira Maccido, aka kira Abdulƙadir. Bayan la'asar suka zauna a zaure. Zahara'u da Goggo suka laɓe a bayan ƙofa.

Hedimasta ya gyara tabarau ya ɗauki na farko. "Wanga daga Jamus. Ya ce: ina roƙon ka aiko mini da kwafin rubutunka a kan ciwon daji mai bin jini a zuriya guda."

"Na biyu?"

"Daga Masar. Maganar guda ta."

"Na uku?"

"Japan. Ita dai. Malam, duk bugun inji ne, suna kawai aka cikewa da hannu. Haka masu bincike ka roƙon karatun junansu."

Goggo ta kasa haƙuri, ta ɗaga murya daga bayan ƙofa. "To, ita mai kambin fa?"

"Sarauniyar Ingila ta, Goggo. Ko takardar haraji za su aika, sai sun manna ta."

Dariya ta kuɓuce wa hedimasta. Maccido ya shiga gyaran hular da ba ta karkace ba.

Malam bai yi dariya ba. Ya jera katunan a kan buzunsa yana dubawa. "Mutum arba'in da fuɗu, daga nisan duniya, suna roƙon karatu."

Sai Abdulƙadir ya matso da wata mujalla, ya buɗe ƙarshen wani rubutu na wasu likitocin ƙasar Hindu. Jerin sunaye ne da lambobi. Ya ce, "Baba, a wurinmu duk wanda ya ɗauki magana dole ya rubuta ga wa ya ɗauko ta. Ga nawa nan, na goma sha biyu."

Malam ya ɗora yatsa a kan layin, ko da yake bai iya karanta shi ba. 

"Wane ya ce, daga wane. Ashe kuna da isnadi." Ya ɗago. "To kai, ga wa ka ɗauko?"

Abdulƙadir ya ambaci malaminsa na Zariya da na Ingila. Sannan ya miƙa wa hedimasta nasa rubutun, ya nuna layin ƙarshe. Hedimasta ya karanta a hankali:

"Godiya ga Malama Z. N. ta Kebbe, wadda ta riƙe asalin wannan zuriya da ka, ta kuma gyara mini kurakuraina. Ba don ita ba, da babu wannan aiki."

A bayan ƙofa Zahara'u ta cusa fuska a kafaɗar Goggo.

Malam ya shafa gemu. Ya dubi ƙofar, ya dubi saurayin. "Ashe ɗalibinta na. Na zauna ina tambayar wa ya ɗauka ga wa, silsilar ta biyo ta cikin gidana ban sani ba. To, ni ban taɓa raba ɗalibi da malaminshi ba. Ka ce ma kawunka ya dawo."

Goggo ta rangaɗa guɗa tun ba a shafa fatiha ba. Ko da aka waiga, Fijo ta bar ƙofar gida.

Bayan an gama sussukar gero aka ɗaura aure. A cikin kunkurun nan aka kai amarya Tambuwal, Goggo a gaba ta rungume akwatin ƙanƙara don ba wurin ajiye shi. Malam ya riƙe hannun ango ya ce, "Allah ya sa a yi ta ɗauka gare ku har bayan ranku." Aka ce amin.

Shekara arba'in da ɗaya suka yi. Katunan suka yi ta zuwa har kwalla biyu ta cika, daga baya aka daina aiko kati a duniya. Duk shekara shi da kansa yake kai ta a duba ta, ya dawo ya ciro tsohuwar takardar nan ya ce, "Malamata, har yanzu fara ta."

Shi da yake tsaron da'irarta, shi ya riga ta tafiya. Zazzaɓin kwana uku ne kawai.

Yanzu ɗiyarsu Sauda, wadda ta gaji aikinsa, takan nuna mata waya ta ce, "Inna, masu bincike sun ambaci aikin Baba sau dubu fuɗu da wani abu. Jiya ma an ƙara biyu." Zahara'u ba ta san waɗannan mutane ba, ba ta san garuruwansu ba. Takan dai ce addu'ar Malam ce take ci. Sai ta jawo kwalla, ta ciro takardar da ta yi ja don tsufa, ta dubi wurin da aka goge aka gyara sunan Ni'imatu, ta dubi ƙasa. Da'irar tana nan fara.

Allah ya jiƙan Mai kwalabe, ya kai masa ladan duk wanda ya ɗauka.