Wayar Da Na Yanke Da Reza

Da wani ya riƙe mini hannu a safiyar Talatar nan, da ban zauna ina rubuta wannan ba. Na ɗauka dabara nake yi, ashe ɓarna zan ƙara a kan wadda ake ciki.

Ɗinkin babbar riga nake yi a unguwar Limancin Kona. 'Yata ta fari, Tayyiba, sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa nake ce mata Uwata. Mijinta Suhail gyaran fitilun sola yake yi a Tukur-Tukur, ƙananan nan na ado da ake kafawa cikin furanni, su sha rana, da magariba su kama da kansu. Lokacin da yake zuwa zance ya kafa mana guda shida a tsakar gida, kewaye da bishiyar lalle.

Shekara biyu da aure cikinta ya zube, ranar yana Kaduna wajen aiki, wayarsa a kashe. Da ya dawo ta faɗa masa maganganu, ya mayar, ta ce ya sake ta. Ya yi mata saki ɗaya. In ya mayar da ita kafin idda ta cika, aure na nan. Ita kuwa ta rantse in ya bari ta cika, ba ita ba shi har abada.

Amma kullum magariba tana zaune a kan tabarma tana jiran fitilun nan su kama.

"Malam, kwanaki sun ƙare fa," in ji matata Batulu. "Bai fi mako guda ba."

"To me zan yi? Na tura yayana Lawal wajen kawun Suhail, sun ce a ba shi lokaci."

"Ka je da kanka mana!"

"Ni? Uban mace ya je roƙon suruki a shago? Da wane baki?"

"Da wanda kake cin tuwo da shi!"

Ban iya ba. Sai na yi tunanin in fitilun suka lalace, ai na sami dalilin zuwa, wataƙila ma ya ce zai zo ya kafa su da kansa. Da safe Uwata ta bi uwarta asibiti, na tuge su duka shida, na buɗe gindin kowace, na sa rezar da nake yanke zare na datse wayar ciki. Na zuba su a buhu na hau acaɓa.

Yana ganina ya durƙusa har ƙasa.

"Baba! Da kanka? Ai da ka aiko..."

"Hanya ce ta biyo da ni. Fitilun nan ne suka daina kamawa."

Ya rame, duk wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya ɗauki ɗaya, ya rufe ɗan farantin da ke shan rana da tafin hannunsa don ta ɗauka duhu ya yi. Ba ta kama ba.

"Batir ne ko tsatsa, damina ta wuce a kansu," ya ce yana kwance ta. Sai hannunsa ya tsaya. Ya buɗe ta biyu. Ya buɗe ta uku.

"Baba... wannan ba lalacewa ba ce. Yanka aka yi."

Ya buɗe sauran ukun.

"Duka shida, wuri ɗaya." Ya ɗago, idanunsa sun kaɗa. "Ita ce ko?"

Wallahi na buɗe baki. Amma in ce wa surukina ni, da furfurata, na zauna na yi wannan aikin? Kunya ta hana ni. Na yi shiru, shi kuma ya ɗauki shirun a matsayin amsa.

"Ranar Juma'a muka shirya zuwa biko da Kawu," ya faɗa a hankali. "Ba komai, Baba. Na gane."

Haka na fito, na bar masa fitilun a shago.

Magariba ta yi, tsakar gida ta yi duhu. Ina alwala na ji kukan Uwata. Ta fito da waya a hannu.

"Baba, ina fitiluna? Ka ji abin da ya rubuto! Wai ya ga abin da na yi musu, Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Me na yi? Me na yi musu?"

Na ajiye buta.

"Uwata, ni ne. Ni na yanke su. So nake in sami hanyar zuwa wajensa."

Batulu ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Malam!"

Tayyiba ba ta yi mini tsawa ba, da ma ta yi. Ta zauna a gindin lallen, ta sa yatsa cikin ramin da na tuge ɗaya.

"Baba, su kaɗai suka rage mini..." Sai ta share fuska da mayafi. "Kuma shi har ya yarda zan iya? Ko tambayata bai yi ba!"

Washegari tun bai gama buɗe shago ba na isa. Na ciro rezar daga aljihu na ajiye a kan teburinsa.

"Da wannan aka yanke. Hannuna ne, ba nata ba. Dubi yankan a karkace, haka nake yanke zare shekara talatin."

Ya dubi rezar, ya dube ni, ya sunkuyar da kai.

"Baba, don me?"

"Don ban iya cewa ka mayar da 'yata ba. Yanzu na ce. Ka mayar da ita, Suhail."

"Na riga na kira Kawu na ce a fasa. Ga saƙon da na tura mata..." Ya ɗago. "Ita me ta ce?"

"Ta ce su kaɗai suka rage mata. Ta kuma ce ko tambayarta ba ka yi ba."

Ya jawo fitila ɗaya. Sannan ya jona ƙarfen liƙi a wuta, ya feƙe bakin wayar, ya ɗiga dalma. Sai da ya yi sau uku kafin ta kama. Ya rufe farantin da tafinsa, ɗan haske ya fito ta tsakanin yatsunsa.

"Hasken gidana nake ce mata," ya ce, ba ni yake kallo ba. "Ita kuma ta ce ni na kashe mata ɗa. Kullum da maganar nake kwana, Baba."

"Zafi ne ya sa ta."

"Na sani." Ya miƙo mini fitilar da hannu biyu. "Ka kai mata wannan. Sauran biyar zan gyara."

"Kai za ka kawo su?"

"Baba... ka yi mini addu'a."

Na mayar da ita raminta. Da magariba ta kama, ita kaɗai a gindin lallen. Uwata ta leƙo ta taga, ta daɗe tana kallo, amma ba ta fito ba.

Gobe Juma'a. Batulu ta ce bai fi kwana huɗu ya rage ba. Ban sani ba ko zai zo, kuma in ya zo ban sani ba ko za ta fito.