Tsarabar da Inna Ta Raba

A gidan su Luƙman a Tibiri akwai wata al'ada da kowa ya taso ya tarar. Duk wanda ya dawo daga tafiya, a ƙofar ɗakin Inna yake ajiye jakar tsarabarsa, ita za ta buɗe ta raba wa kowace ƙofa, ba mai tsaya mata a kai.

Ranar da Rumaisa'u, matar Luƙman, ta dawo hutun damina daga jami'a a Dosso, ruwa ya doke ta tun daga tasha. Ta shigo da jaka biyu masu kama ɗaya, ta ajiye guda a ƙofar surukarta, ta gaishe ta a durƙushe, ta wuce ɗaki tana rawar sanyi. Sai bayan la'asar ta zuge jakar da ta shigo da ita. Sabulu ta gani, da dabino, da takalman yara.

Ashe jakar kayanta ta ajiye wa Inna! Ta zauna daɓas a ƙasa.

Wata biyar ke nan da gwajin jini ya nuna Luƙman na ɗauke da ciwon hanta, irin wanda ake ɗauka ta jini da kwanciyar aure. Ita ba ta da shi. Likita ya ce sai ta yi allurar rigakafi uku cikin wata shida, kafin nan kuma su kare kansu. Luƙman, da kowa ya sani a kasuwar Dogon Dutsi inda yake sayar da kayan babur, ya ce ƙafarsa ba za ta iya taka farmasi, wato kantin magani, neman kwaroron roba ba. Sai ita ta cije ta je wurin ungozomar makarantarsu, wadda ta ba ta irin na mata.

"Kusan ba mai zuwa karɓa," in ji ungozomar. "'Yan makaranta tsoro suke a gani cikin jakarsu a ɓata musu suna."

Luƙman kuwa sai da ya sa ta rantse ba za ta gaya wa kowa ciwonsa ba, domin yana yaro ya ga yadda aka ware wa kawunsa kwano da moɗa har ya bar duniya.

Tana nan zaune, sai Sahura, yayar mijinta, ta yaye labule ba sallama.

"Madam 'yar iniberisite! Taho, Inna na kira!"

A tsakar gida ta tarar da Inna ta zuba tagumi, ga ƙananan ledoji farare zube a kan tabarma. Gefe kuma Baba Abdulwahabu, ƙanen marigayi mahaifin Luƙman, yana jan carbi da sauri.

"Ni na ɗauka ƙyallen goge fuska ne mai ƙamshi," in ji Inna. "Na ba kowace ƙofa bibbiyu. Har gidan liman na aika! Sai da Sahura ta karanta rubutun nasara da ke jiki."

"Kapot ne, Baba, kwaroron roba na mata!" in ji Sahura. "Ƙanena na can yana wahala, ita tana Dosso tana karatun da ta sani!"

Baba ya ɗago kai. "Ɗiyata, na wa ne?"

"Nawa ne, Baba."

"Mi kike yi da su?"

Kalma ɗaya za ta wanke ta, amma kalmar ba tata ba ce. Hawaye suka zubo mata.

"Don Allah, Baba, a jira maigidana ya dawo."

"Kun ji ko! Ta san yadda take juya shi," in ji Sahura.

Luƙman yana Kamba sarin kaya. Rumaisa'u ta kira wayarsa har hannunta ya gaji, ba ta shiga. Baba ya yanke magana: gobe bayan sallar Juma'a za a mai da ta gidan mahaifinta a Kiéché, tare da ledojin, ya gani da idonsa.

Washegari ba wadda ta amsa gaisuwarta. Matan maƙwabta suka riƙa shigowa aron turmi da rariya, suna satar kallonta. Ita kuwa mahaifinta take tunani, mutumin da ya yi faɗa da danginsa kaf don ta yi karatu. Wani tsoron ma ya fi wannan: in Luƙman ya dawo ya ga taro, anya zai iya buɗe baki?

Ana ɗaure jakarta a bayan babur, sai ga shi ya shigo, ƙafafunsa duk taɓo.

"Lafiya? Ina za a kai ta?"

Sahura ta watsa masa ledojin a gabansa. "Ga abin da matarka ta kawo muna tsaraba! Ka san da su?"

Luƙman ya dubi ledojin, ya dubi mutanen da suka cika gidan, zufa ta keto masa. Ya kau da kai. Rumaisa'u ta kalle shi, ta gane tsoronsa bai gaza nata ba. Ta sunkuyar da kai, ta nufi babur.

"Tsaya, Rumaisa'u!"

Ya durƙusa gaban mahaifiyarsa.

"Inna, saboda ni ne. Ciwon hanta gare ni. Likita ne ya ce mu tsare kanmu har ta gama allurarta. Ni na kasa zuwa saye don kunya, ita ta je. Ni na sa ta rantse ta rufa mini asiri."

Sahura ta janye ɗanta baya. Ganin haka Rumaisa'u ta share hawaye ta zo ta durƙusa kusa da mijinta, kafaɗarta na taɓa tasa.

"Yaya Sahura, ba a ɗaukarsa a kwano ko a moɗa, ko a gaisawa. Tun da muka yi aure muke ci tare, ga ni ƙalau. Akwai magani mai danne shi. Likita ya ce da yawa tun ranar haihuwa suke samunsa, shi ya sa ya kamata duk gida a gwada."

Inna ta dafe ƙirji. "Tun haihuwa? Ke nan daga gare ni yaron ga ya samo?"

"Ba mu sani ba, Inna, sai an gwada. Ko da haka ne, ba laifin kowa ba ne."

Tsohuwar ta fashe da kuka. Ta kama hannun Rumaisa'u ta riƙe gam.

"Kwana kika yi muna zaginki, kin san gaskiya kin haɗiye! Ki gafarta mini, ɗiyata." Ta juya ga mai babur. "Kai, kwance jakar nan!"

Baba Abdulwahabu ya cire hularsa ya shafa kai, ya ce shi ma a yafe masa, ya yanke hukunci bai ji ta bakin maigida ba. Sahura ta daɗe tana murza bakin zanenta kafin ta ce, can ƙasa-ƙasa, "In an tashi zuwa likita, a tafi da ni da yara."

Ran Litinin da hantsi aka ga Inna a layin gwajin jini a asibiti, tsoro fal idonta, tana riƙe da hannun matar ɗanta kamar ƙaramar yarinya. Rumaisa'u ba ta sake ta ba har aka zare allurar.

To, 'yan'uwana, abin da mace ta ɗauka don tsare lafiyarta da ta mijinta ba shaidar lalata ba ne. Kunyar da ta hana Luƙman magana ta kusa raba shi da matar da ta fi kowa rufa masa asiri, gaggawar zargi kuma ta kusa sa dattawa zaluntar marar laifi. Allah Ya ba mu haƙuri irin na Rumaisa'u, Ya sa mu riƙa tambaya kafin mu yanke hukunci.