Bareyin da Ba Su Iya Tsalle Ba

A can wata ƙasa mai nisa, tun daji yana da faɗi, an yi wasu bareyi masu ƙaho mai reshe. Sun fi doki gudu, amma ba su iya tsalle ba. Kowane rani sukan ratsa filin wani manomi su je rafi.

Wata shekara manomin ya shuka rogo, ya kewaye filin da shinge. Bareyi suka zo suka tsaya. Kwana ɗaya suna tsaye, kwana biyu suna tsaye, ƙananansu na ta haki saboda ƙishirwa.

Matar manomin ta ce, "Malam, dabbobin nan za su mutu a bakin shingenmu."

Ya ce, "In na buɗe, ai za su tattake mini rogo."

Ya daɗe yana kallonsu. Can sai ya ɗauki gatari ya sare ƙasan shingen, gaba da baya. Suka sunkuya suka wuce ɗaya bayan ɗaya. Sun ɓata masa kunya uku ta rogo.

Shekaru suka shuɗe, gonaki suka cinye daji, bareyi suka daina zuwa. Manomi ya tsufa, amma bai toshe kafar shingen ba.

Wata rana wani maƙwabci ya ce, "Baba, wa kake jira?"

Ya ce, "Ko guda ce ta rage, kada ta zo ta tarar a rufe."